Yadda Na Kai Inna Malanbil Bisa Ƙyauren Shagona

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Ina zama sai wani ya jawo benci: "Umaru Tela, yaya Malanbil? Wai gaskiya ne mata ke tuƙa babur?" Wani ya ce, "Wai tsohuwa ta warke, ko dai kun sha iska kun dawo?" Wasu don Allah suke tambaya. Wasu so suke in buɗe baki su samu abin dariya na mako guda. To ga shi na rubuta, da bokon aji huɗu da na samu kafin a kore ni. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in ɗinka rigunan mutane.

Ni ne ɗan farin Inna, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Shekarata arba'in da bakwai, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban idona ba. In tana son in kauce, buta take gaya wa: "A ce wa wancan ya kauce." Ƙanena da ke aikin gwamnati a Kaduna shi ake kira da suna, a zauna a yi hira da shi. Shi kuwa abin da yake aikowa wasiƙa ce, a ciki ya gaida kowa har akuyar gida.

Shekara shida da sunka wuce gwiwoyin Inna sunka fara ciwo. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Malanbil, can ƙasar Benin, ya kawo mini wata farar ƙwaya 'yar mitsitsiya, cikin gwangwani mai rubutun Faransi. Kwana uku ciwo ya kwanta. Wata biyu fuskarta ta cika, ta yi kumatu. Gari ya ɗauka: "Umaru ya iya riƙon uwa." Ku fahimce ni, ni mutum ne da ba a taɓa yabo ba. Makaranta ta kore ni, aikin mota ya kore ni, matata ta fari ta kori kanta. Sai ga abu guda da na iya. Duk sanda gwangwani ya kusa ƙarewa sai in aika a kawo wani, in aje a ƙofar ɗakinta in wuce. Ni ban tambaya ba, ita ba ta faɗa ba. Kumatu nake dubawa ta wutsiyar ido, in ga suna nan, in ce lafiya lau.

Bana, bayan soja sun rufe iyaka, Inna ta duƙa ruku'u a sallar azahar ta kasa ɗagowa. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wanda ya ture ta. Matata ta tarar da ita kife bisa tabarma. Maɗori ya zo ya shafa bayan, ya ce shi bai ga abin ɗauri ba. Asibitinmu kuwa kun san shi, takarda suke da ita. Sai na zauna na yi tunani irin na masu ilmi: inda ƙaramin magani ya fito, can babbansa yake. Ga kuma ƙanwar Inna, Inna Hajo, da ta yi aure a Malanbil tun ina yaro. In Inna ba ta tashi ba, to ta kwanta ke nan, irin kwanciyar da tsofaffi ba su tashi daga ita. Na cire ƙyauren shagona, tunda ba ta iya kwanciya bisa abu mai laushi, munka shimfiɗa ta a kai, munka ɗora bisa amalanken shanu sai Dole Kaina, bakin kogin Kwara, inda ake shiga jirgin Malanbil.

A hanyar nan na gane wahalar tafiya da uwar da ba ta yi maka magana. A gida akwai masu isar da saƙo. A daji daga ni sai ita sai mai amalanke. Duk ramin da munka faɗa sai in ga ta cije bakin mayafi, ko tari babu. Na dubi san da ke ja na ce, "A tambayi tsohuwa ko a rage sauri."

Ta dubi ƙafar amalanke ta ce, "A ce a tafi."

Mai amalanke ya waiwayo. "Malam, in da sa kuke magana, ba ya jin Hausa sosai, hannun Fulani ya tashi."

A Dole Kaina anka haɗa ni da wani Basarke, cikin masuntan nan, mai jirgin inji. Bisa titi soja ne da bindiga, ko allura ba ta wucewa. A ruwa kuwa ba wanda ya gaya wa kifi an rufe iyaka. Da mai jirgin ya ga maras lafiya sai fuskarsa ta washe. "Uwarka uwata ce! A kawo ta tsakiya, inda ba girgiza." Ya sa anka ɗora ƙyauren bisa wasu kaya da anka lulluɓe da tabarmi, ya gyara mata mayafi da hannunsa. Har na ji ƙwalla. Na ce ashe akwai sauran mutanen kirki.

Mun yi nisa sai ga jirgin 'yan duwan, wato kwastan, ya tare mu. Basarken ya ɗaga hannu biyu: "Ranka ya daɗe, gaggawa muke, tsohuwa ce rai hannun Allah." Sunka leƙo, sunka ga Inna, sunka ce Allah ya sawwaƙe, sunka kauce. Sai da munka sauka, anka ɗaga ƙyauren, na ga kwalayen omo da jarkokin fetur jere a ƙasa. Uwata murfi anka yi da ita, ni kuma ina ta godiya. Ga shi tun da jirgi ya tashi nake amai. Maras lafiya tana kwance shiru, mai jinya kansa na rataye a bakin jirgi. Wata Bafillata mai ƙwaryar nono ta tambayi na kusa da ita wanne daga cikinmu za a kai likita.

A bakin ruwan Garu, ɓangaren Benin, wani jandarma ya tsaida mu ya nemi takarda. Na ba shi rasidin haraji da katin ƙungiyar teloli, na gyara tsayuwa na sake masa Turancin da nake tanadi tun shekara talatin. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Kamarad, yi Hausa mu huta duka." Hausarsa ta fi tawa. Ya leƙa fuskar Inna, ya gaishe ta da ladabi, ya tsaida mana motar albasa da kansa. Can kowa kamarad ne, daga mai gari har mai tura kura. Mu sojanmu bulala sunka kawo, nasu sunka kawo sabon suna.

Inna Hajo tana soya kifi a ƙofar gida munka iso, mijinta Badende, ɗan ƙabilar garin, ya daɗe da rasuwa. Ta yaye mayafin, ta tsaya tana kallo. Ta dubi fuskar, ta ɗaga zane ta dubi ƙafafun da sunka zama kamar karan gero.

"Wannan ba Yayata ba ce. Yayata doguwa ce siririya. Wa ya hura mata fuska haka?"

Na gyara hula na ce, "Ni ne, Inna. Magani nake saye mata."

"Umaru, tun kana ƙarami in ka yi aiki sai an bi baya."

Ta ba ni zaure tare da buhunan albasa da ƙwandunan kifi, kwana biyu ƙuda ya san ni da suna. Abincinsu wani tuwon masara ne mai tsami, naɗe cikin ganye, sanyi ƙalau, a ci da kifi da yajin da ke sa mutum tuna zunubansa. Na ce ya lalace, Inna Hajo ta ce haka ake yinsa, ni ne na lalace. Burodinsu dogo kamar sanda, da za ka bugi kare da shi sai ya yi ƙara. Batun mata da babur kuwa gaskiya ne, ku daina tambaya. Ɗaya ta kusa take ni, ta kuma tsaya ta zage ni da Dendanci, mutane sunka ba ta gaskiya.

Ranar Asabar da safe munka ɗora ƙyauren bisa kura, ina turawa, Inna Hajo na biye, sai gidan likita. Muna daidai wani buro, ofishin gwamnati ke nan, anka busa usur. Gari ya tsaya cik. Mai keke ya dire, mai talla ta ƙame da faranti a kai. Ni dai na ga hanya ta buɗe, na ƙara wuta. Ashe tuta ake ɗagawa, kuma in ana ɗaga ta ko kunama ta harbe ka sai ka jira. Wani jandarma ya daka mini tsawa, na ja birki da ƙafa, Inna ta yi ƙarar da ban taɓa ji ba. Haka na tsaya ina ƙame wa tutar da ba tawa ba, uwata na nishi a gabana.

Likitan yaro ne ɗan kudu, ba ya jin Hausa. Mai fassara ita ce ungozomar gidan, wata Badendiya mai faɗin kafaɗa, Madam suke ce mata. Duk tambayar da anka yi wa Inna sai ta yi shiru tunda ina tsaye, ni kuwa sai in amsa. Ta taɓa karyewa? A'a. Cikinta na ciwo? Ko kaɗan. Tana cin abinci? Ku dubi kumatu mana.

Madam ta ce, "Yaushe ta daina ganin al'ada?"

Na ɗaga kai ina ƙirga azarar rufi. Inna ta ja mayafi har haɓa.

Madam ta dube ni, ta dubi Inna. "Kai ne ɗan fari?"

"Awo."

"Shi ya sa. Fita. Tun ɗazu ƙarya kake shara mana, kai kanka ba ka sani ba."

Na fita na zauna gindin taga, tagar kuwa ba gilashi. A nan na ji muryar uwata tana magana doguwa, abin da ban taɓa ji ba a kusa haka. Ashe bara waccan wuyan hannunta karyewa ya yi, daga dafa turmi kawai, ni anka ce mini targaɗe ne. Ashe ta taɓa yin tari haƙarƙari ya amsa. Cikinta na ƙuna kullum, fatarta ko zane ya goge ta sai ta yi baƙi, ta daɗe ba ta iya tashi daga tabarma sai ta kama bango. Al'ada tun da wuri ta ɗauke mata, bayan haihuwar auta.

Madam ta ce, "To Inna, kin ga maganin nan yana cutar ki, don mi kinka ci gaba da sha?"

"In na bari kwana guda jiri ke kayar da ni. Kuma wancan ke kawowa. Abin da ya iya ke nan. In aika a ce masa ya daina?"

An zage ni a duniya, amma ba a taɓa yi mini irin wannan ba, kuma ba da zagi ta faɗa ba.

Anka kira ni da gwangwanin. Likita ya karanta, ya tambaya shekara nawa, da ya ji shida sai ya aje alƙalami. Madam ta fassara. Mace in al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta na fara raguwa a hankali, kamar azarar da gara ta shiga, waje lafiya ciki hoto. Wannan ƙwaya magani ce ta gaske, likitoci na ba da ita ga wasu cututtuka, da awo, da ƙidayar kwana. Amma a sha ta kullum shekara shida, to an ɗauko wa gara 'yan aiki. Kumatun da nake alfahari da su kumburi ne. Ƙasusuwan bayanta sun zauna bisa juna, kuma wanda ya zauna ba ya miƙewa.

Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na fizgi gwangwanin na fita, sai kasuwa, layin masu magani. Na farko da na gani da irinsa bisa tebur na tsaya a kansa. Ban san shi ba, ba shi ke sayar mini ba, amma na tara masa jama'a, na kira shi Azara'ilu mai tebur, na haɗa da kakanninsa. Daga nan na gangara bakin Kwara na juye ƙwayoyin duka a ruwa. Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya dawo yaƙi.

Inna Hajo ta tare ni. "Ina gwangwani? Madam ta ce a ci gaba da ba ta yadda ta saba, Litinin mu koma da shi."

"Madam ungozoma ce, ba likita ba. Ni na ji da kunnena maganin ne ya cinye ƙashin. Guba ba ta ƙara shiga bakin uwata."

"Da kunnenka? Faransi kake ji yanzu?"

Na ce ai ni na yi makaranta.

Lahadi da hantsi Inna ta fara amai. Kafin la'asar jikinta ya yi sanyi, gumi na karyo mata, ta kasa ɗaga kai, ana kira ba ta amsawa sosai. Inna Hajo ta bar kifi a wuta ta ruga gidan Madam. Sai ga su bisa babur, irin baburan da nake yi wa dariya. Madam ta taɓa hannun Inna, ta buɗe jaka ta yi mata allura, ta sa ana ɗura mata ruwan gishiri da sukari da cokali. Sannan ta juyo kaina.

"Shekara shida ƙwayar na yi wa jikinta wani aiki, har jikin ya manta yadda ake yinsa. In ka yanke rana guda, kisa ne. A hankali ake janyewa, wata da watanni. Da ka tsaya minti biyu da ka ji. Ina sauran?"

"Suna cikin Kwara."

Inna Hajo ta ce, "To kifi zai yi kumatu."

Farmasi ba su da ƙwayar sai motar birnin Paraku ta zo, ba wanda ya san ranar. Madam ta ce da safe in tafi kasuwa in nemo irin gwangwanin, rufaffe, in kawo ta duba da idonta. Na bi layin nan kaf. Mutum guda ke da shi, kun kuma san ko wane ne.

Ya gan ni tun daga nesa, ya gyara zama. "A'a, Malam mai wa'azi! Yau kakannin wa za a taɓa?"

Na ce gwangwani nake so.

"Ban ji ba. Azara'ilu kunnensa nauyi gare shi. Ɗaga murya, mutanen shekaranjiya su ji."

Na ɗaga. 'Yan layi sunka kwashe da dariya, har da tafi. Ya miƙo mini. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, na ce, "Amma abin da na faɗa gaskiya ne. Yana cin ƙashin tsofaffi. Je ka ga tawa."

Sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ni ma tsohuwata shi take sha. Shekara uku."

Na ce, "To kada ka yanke mata. Kai ta wurin Madam." Wannan ce kaɗai magana mai amfani da na yi a ƙasar Benin.

Inna ta farfaɗo. Madam ta zana mana jadawali da alli a bangon ɗaki: mako kaza guda, mako kaza rabi da kwata, haka haka. Ni ke yanka ƙwayar da reza, tunda hannun tela ne, Inna Hajo ke miƙa mata ta tambaye ta yadda ta kwana, ta fito ta gaya mini har abin da ban so ji ba. Anka ce a ba ta nono kullum, da ƙananan kifi da ake ci da ƙashi, a fito da ita hantsi, kuma da zarar ciwo ya lafa ta fara takawa, don kwanciya ma cin ƙashi take. Na ari keken ɗinki a kasuwa ina ɗinka wa matan babur riguna. Suna biya, ba kamar ku ba.

Wata rana da munka koma, likita ya ce a ƙasar Turawa akwai maganin da ake ba wasu mata in al'ada ta ɗauke, yana maye abin da jiki ya daina yi, yana tsare ƙashi. Amma ba kowace mace ba, sai an auna an kuma riƙa dubawa, don shi ma yana da nasa haɗari, kuma Inna ta wuce lokacinsa, ga jininta ya hau.

Kafin Madam ta rufe baki na ce, "Ina ake sayar da shi?"

Ta aje takardar hannunta. "Ka ji ko, Hajo? Bai gama binne na farko ba yana neman na biyu. Umaru, in na ji ka sayi ko maganin tari ba da takarda ba, har Najeriya zan biyo ka da babur."

Wata biyu da kwana tara munka yi. Ranar komawa na kawo ƙyauren ƙofar ɗaki kamar yadda munka zo. Inna ta dube shi, ta miƙa hannu Inna Hajo ta ba ta sanda. Ta kama bango, ta kama sanda, ta yunƙura sau biyu, a na uku ta miƙe. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida ta taka da ƙafarta, ni ina biye da ƙyaure a kai kamar mai talla.

Ku da ke cewa na tafi da uwa mai jiki na dawo da ita ramammiya, gaskiyarku. Kumburin ne ke sauka. Tana zuwa bayan gida da kanta, tana sallah a zaune, muna nan muna rage ƙwayar, in ruwa ya janye mu koma a duba ta. Abin da bai dawo ba shi ne tsayinta. Kun san ni gajere ne, Inna kuwa sai ta sunkuya take shiga ɗaki tun ina yaro. Ranar nan a ƙofar gidan Inna Hajo, da ta tsaya kusa da ni tana maida numfashi, kallabinta ya zame. Na duba ƙasa na ga tsakar kan uwata, fari fat. Ban taɓa ganinsa ba, kuma ni na sauko da shi inda zan gani.